Taka, Saki: Surukina Mai Gyaran Amfilifaya

Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinsa. Surukina, mahaifin maiɗakina, ya rasu a Birnin Kebbi ana shirin kama azumi, bayan wani ciwon ƙirji da bai kwantar da shi ba sai a kwanakin ƙarshe. Ni tela ne a Argungu. Saƙo ya iske ni a kan keke, na bar rigar mutane da hannu ɗaya a ɗinke muka nemi mota. Ko da muka iso an riga an kai shi makwancinsa.

Ƙofar gida ta cika har bakin kwata. Manoman shinkafa na Ambursa sun zo da laka a ƙafa, kowa na ba da labarin rediyonsa da marigayi ya tayar bayan an fid da rai. Wata tsohuwa mai tallar kifi ta tsaya daga nesa tana cewa yanzu wa zai riƙa tsokanarta. Liman ya ce shi bai taɓa jin mutumin nan ya ɗaga murya ba. Ladan da ke gefensa ya yi tari ya sunkuyar da kai, don shi kam ya taɓa ji, zan zo kan wannan.

Ana haka sai ga wasu tsofaffi uku da babu wanda ya san su. Na gabansu dogo ne, mutumin ƙasar Zuru, da hular malafa da wani ɗan yatsa a lanƙwashe. Ya durƙusa gaban wan matata, babban ɗan marigayi, ya yi gaisuwa, sai kawai ya fashe da kuka irin na yara. Muka dubi juna. Wan matata ya raɗa mini ko daga wajenmu suke, na ce ni ma na ɗauka danginku ne.

Azahar ta yi, ladan ya tashi ya shiga masallacin unguwa da ke jingine da katangar gidan. Ya kunna injin lasifika, sai wata ƙara ta tashi daga kan rufi, gurnani da tartsatsi a haɗe, can ƙarƙashinsu kuma ana jin wani mutum yana magana da Faransanci. Awaki suka tsinke igiya. Ladan ya daure ya fara kira, muryarsa ta riƙa dawowa tana bin kanta. Dogon baƙon nan ya share hawaye ya miƙe tsaye, ya kasa kunne, ya ce da ƙarfi:

"Wanga injin namu na! Ni nab bar mai shi."

A nan aka ji abin da iyalin gidan ba su taɓa ji ba. Ashe amfilifayar nan, injin da ke kiran unguwar salla shekara da shekaru, ta 'yan jita ce. Baƙon nan shi ne mai kaɗa jitar, shi da abokansa suna wasa a wani gidan rawa tun kafin a raba jihohi, surukina kuma shi ke yi musu gyara. Ruwan sama ya taɓa dukan injin a bayan mota, 'yan wasan suka watse bayan hatsarin da ya lanƙwasa yatsan, aka bar masa gawar inji. Shi ne ya zauna ya tayar da shi, ya kai masallaci bai ce wa kowa uffan ba.

Wan matata ya ji kunya ƙwarai, fuskarsa ta nuna. Kafin la'asar unguwa ta rabu. Wasu suka ce a fitar da shi yau-yau, kayan gidan rawa ba ya zama kusa da liman, ga shi ma ya fara surutai da kansa. Wasu suka ce sadakar mamaci ce, duk kiran da ya fita ta cikinsa yana da lada, fitar da shi kamar a kore shi ne daga unguwa. Liman ya bari suka gaji, sannan ya ce shi bai ga laifin ƙarfe ba, amma ba zai yi tafsiri da Bafaranshe a bayansa ba. In an gyara kafin ganin wata, inji ya zauna. In ba a gyara ba, a sauke shi a nemo sabo daga Sakkwato. Sai kowa ya juyo ya dube ni, wai ai ni ne mai taya marigayi gyara.

To, ga inda abin ya ɗaure mini kai. Gaskiya ne, duk zuwan da zan yi Birnin Kebbi sai ya sa an ɗauko injin an kawo zaure. Amma shi surukina ne. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, in mun yi kiciɓis a lungu na cire takalmi na durƙusa ina kallon ƙasa. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba, mutumin Argungu yake ce mini. A zauren akwai zana da ta raba wajen aikinsa da wajen zaman baƙi. Shi yana can ciki da inji, ni ina nan waje a kan kujera 'yar tsugune, sai ya turo mini mataki ta ƙarƙashin zana.

Matakin nan wani ɗan akwatin ƙarfe ne da maɓalli a sama, da doguwar waya da ke shiga bayan inji. In an taka, murya ta sami amsa-amo ta yi tsawo, in an sake takawa ta dawo yadda take. 'Yan jita don shi suke son injin. Ladan kuma da shi yake ƙawata kira, har masu aiki a fadama su ji, in liman zai yi karatu a kashe. Surukina ya ce ƙafar tela ta san aiki, ba ta gaggawa. Saboda haka duk hirar da muka yi da shi a duniya, in ka cire gaisuwa, kalma biyu ce. Ya ce "Taka," na taka. A yi shiru. Ya ce "Saki," na saki. Wani lokaci tun hantsi har a kira azahar.

Ban taɓa ganin hannunsa a cikin injin ba. Abin da na sani shi ne dugadugansa masu faso da nake hange ta ƙasan zana, da warin dalma, da sautuka. Ina jin ya murɗa wani abu ƙarar ta ragu. Ina jin ya zare wata waya ya yi tsaki. Ina jin yana ƙwanƙwasa kwalaben nan masu haske, waɗanda masu gyara ke ce wa bawul, da guntun kara, ɗaya bayan ɗaya, ƙwas, ƙwas, har wata ta amsa masa ta lasifika da ƙara irin ta ƙaramar ƙararrawa, sai ya ce, "Ke ta." Da kwalabe yake magana kamar 'ya'yansa, yana yi musu faɗa, yana lallashi. In yaran gida sun shigo da hayaniya ba ya tsawa, cewa yake kawai ku ba ni aron kunnena.

Mutum ne mai tsari har ya ba ka haushi. Ba ya taɓa cikin inji sai ya sa hannu ɗaya a aljihu, wannan maiɗakina ta gaya mini, wai don akwai wasu tuluna a ciki da ke riƙe wuta ko an kashe, in ka kama da hannu biyu ta bi ta ƙirjinka. Ba ya naɗe waya a gwiwar hannu, sai dai ya yi mata zobe a hankali kamar mai naɗin taliya. Goro kuwa rabi yake ci, ya ajiye rabin a kan inji ya yi ɗumi.

A kan waya suka yi faɗa da ladan, faɗan da aka daɗe ana labari. Ladan yana da halin fizge wayar mataki daga nesa in zai share masallaci, maimakon ya sunkuya ya kama kanta. Surukina ya yi magana sau ɗaya, ya sake yi, rannan ya shigo ya kama shi yana fizga. Aka ce muryarsa har bakin kasuwa. Ya ce masa kai da ba ka iya sunkuya wa waya, yaya kake yi da ruku'u. Ladan ya ce shi ba bawan ƙarfe ba ne, kafin a yi lasifika ma ana kira. Surukina ya ɗauke matakin ya tafi da shi gida, aka yi mako ana kira babu amsa-amo, har matan unguwa suka fara tambaya ko ladan mura yake yi. Da bakinsa ya zo ya ba da haƙuri. A ranar marigayi ya aika masa da ƙwaryar shinkafa sabuwar sussuka, ya ce a gaya masa makogwaro ma yana son gyara.

Nawa rabon alherin ban gan shi da ido ba. Shekarar da gulbi ya cika ya shigo mana shago, kekena ya kwana cikin ruwa ya daskare, na rasa yadda zan yi, na tafi Augie neman wani mai gyara ban same shi ba. Na dawo da yamma na iske keke a goge, na ɗora ƙafa ya tafi sumul. Maiɗakina ta ce Baba ne ya zo a motar safe, ya kwance shi gaba ɗaya ya wanke da kananzir, da ya ji an ce ga ni nan tafe ya tattara kayansa ya bi ta ƙofar baya, don kada in rasa inda zan sa fuskata wajen godiya. Ban taɓa yi masa godiyar ba, bai taɓa tayar da zancen ba. Ina son mutumin nan ƙwarai, kuma ban san ko ya sani ba.

Wannan ne mutumin da aka ce in gyara aikinsa. Na gaya wa wan matata gaskiya, ni taki kawai na iya. Ya ce to shi ke nan, a sauke, dama shi abin ya ishe shi. Maiɗakina ta dube ni. Na fita na bi sawun dogon baƙon nan har masaukinsu, na roƙe shi ya tsaya. Ya ce shi kaɗawa ya iya, gyara sai marigayi. Na ce ni ma haka, amma kai ka san cikin injin da ido, ni na san shi da kunne, mu haɗa mu gani.

Bayan sadakar uku muka ɗauko inji muka kawo zaure. A ranar na fara ƙetare zanar nan. Na tsaya ina kallon tabarmarsa da gurbin zamansa a jiki, na rasa ta inda zan zauna, har mai jita ya ce in ba zan zauna ba in miƙo masa sukundireba.

Muka kunna, muka jira kwalabe suka yi ja, gurnani ya taso. Na rufe ido ina tuna abin da nake fara ji. Murɗawa. Muka rage murya har ƙasa, ƙarar ta ragu amma ba ta mutu ba. Sai zarewa. Muka zare makirufo, tana nan. Mai jita ya ce lalle kwalba ce, a zamaninsu kullum kwalba ce. Na samo guntun kara na bi su ƙwas, ƙwas, babu wadda ta amsa sai wata ƙarama da ta ɗan yi tari. Muka canza ta da wata daga akwatin marigayi, tartsatsin ya tafi, gurnani da Bafaranshe suka zauna daram. Muka mayar da tsohuwar don mu tabbata, sai tartsatsin ma ya ƙi dawowa. Na ce to wannan kuma fa? Mai jita ya ce kada in tambaye shi, shi ma kansa ya kulle.

Haka muka wuni. Mu taɓa nan ƙara ta canza, mu koma ta canza wani iri. In na matso da hannuna ta ƙaru, in mai jita ya matso ta ragu, har ya fara cewa ko jinina ne ba ta so. Yara suka taru a ƙofa. Ladan ya leƙo ya ce ko dai a yi wa injin addu'a, na ce ya je ya yi wa hannunsa, don na tabbata kwanakin da Baba ke kwance an koma fizga. Bai musa ba, ya ja ƙafa ya tafi.

Da faɗin haka sai na tsaya. Duk wunin nan matakin yana gefe a ƙasa, wayarsa a soke a bayan inji, babu wanda ya kula shi, don ni da na saba zama da shi ina wannan gefen zanar. Na sa ƙafa na taɓa wayar, Bafaranshe ya ɗaga murya. Na ɗaga ta sama ya ƙara fitowa tangaran. Mai jita ya kwance kanta, sai ga sili ɗaya ya tsinke daga dalma yana reto. Ya duba wayar da kyau ya riƙe baki. Ya ce wannan ai wayar fitila ce, ba ta mataki ba. Ta mataki tana da raga ta tagulla da ta lulluɓe silin ciki, ita ke kare shi daga ƙugin wutar gari da tashoshin rediyo. Wannan tsirara take, shi ya sa da ta tsinke ta zama eriya. Ya ce Allah sarki, ta ainihin ta ruɓe, bai sami irinta ba ya yi maneji.

Na ce bari in duba akwati ko da wani guntu. A ƙasan akwatin, cikin tsumma mai tsabta, sai ga waya mai raga sabuwa fil, an yi mata zobe irin nasa, tsawonta ya isa har ya yi saura. Muka dubi juna. Mutumin da ya yi mako yana gaba da ladan a kan waya, yana da ta kirki a ajiye, ya bar ta fitila a jiki? Mai jita ya ce wataƙila mantuwa ce. Na ce wanda ba ya manta rabin goro? Ga rana tana faɗuwa. Mai jita ya riƙe, na ɗiga dalma da hannun da bai saba ba, na ƙona yatsa, muka haɗa. Tsohuwar wayar na jefa waje, wani mai kai albasa tasha ya tsince ta ya ɗaure bakin buhu.

Muka kunna. Kwalabe suka yi ja, shiru. Na ɗauka mun kashe shi gaba ɗaya. Mai jita ya ƙwanƙwasa makirufo, sai ga ƙara tas. Ya ce tun yana saurayi bai taɓa jin injin nan ya yi tsit haka ba. Aka mayar da shi masallaci, ladan ya kira magariba, murya ta fita garau har fadama. Liman ya ce inji ya zauna. Wan matata ya kama hannuna ya daɗe bai saki ba. Na kwana ina jin na yi wa Baba abin da ban iya faɗa masa da baki ba.

Washegari bayan azahar maiɗakina ta ce Inna na kira. Surukata tana cikin takaba, ni kuma ko ba takaba ba na shiga ɗakinta. Na durƙusa a bakin ƙofa, labule a sake. Ba da ni ta yi magana ba, da 'yarta ta yi, yadda aka saba.

"Tambayi maigidanki, mi anka yi ma injin? Ina kukan da shi ka yi kahin kira?"

Maiɗakina ta ce ai shi aka gyara, Inna. Tsohuwar ta ce ba wannan haukan na kwanan nan ba, ɗan ƙugin nan na da, siriri, wanda sai mai kasa kunne ke ji. Ni ban san da shi ba, ba a unguwar nake kwana ba, a zaure kuma lasifikar gwaji ƙarama ce. Inna ta ce kullum kafin kowace salla marigayi ne ke riga kowa zuwa masallaci ya kunna don kwalabe su yi zafi. Tana tsakar gida, ko tana tuƙi ko tana tankaɗe, in ta ji ƙugin ya taso daga kan rufi ta san ya isa lafiya, ya zauna. Tun da ƙirjin ya fara damunsa shekarun baya, da shi take sanin bai faɗi a hanya ba. Ta ce ta taɓa gaya masa sau ɗaya, tuntuni, ya yi dariya kawai.

"Da kunka ce za ku gyara, na aza shi za ku maido min. Jiya na jira, yau na jira." Sannan ta ce, "Ashe dai ya tahi."

Sai a nan na gane abin da ya sa ya bar waya mai raga a ƙasan akwati. Na tashi ban san yadda na fito ba. Na je tasha neman tsohuwar wayar, motar albasa ta daɗe da wucewa. Na sayi wayar fitila a kasuwa, na roƙi liman, na cire mai ragar na liƙa wannan, na gwada tsawon da na tuna. Ƙugi ya dawo kam. Na tsaya a bakin katanga har aka idar da la'asar, maiɗakina ta fito ta girgiza kai. Inna ta ce an gode, amma ba shi ba ne, wannan ya yi kauri. Na rage tsawo, ta ce ya yi kaifi. Na sauya inda wayar ke bi, na nisanta ta da ta wuta, na matso da ita. A karo na ƙarshe ta aiko cewa in bari haka nan, in mayar da mai kyau, kada in wahalar da masu salla.

Na mayar. Inji yana nan a masallaci, an yi tafsiri da shi, kowa na yaba yadda ya yi tsit, har ana nuna ni a hanya ana cewa ga wanda ya gaji surukinsa. Ina amsa gaisuwa, amma har yau ban san ko gyara na yi ko ɓarna ba. Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa inda ya koma, ya ba Inna haƙurin da mu ba mu iya ba ta ba. Maiɗakina ta ce har yanzu in lokacin salla ya gabato, tsohuwar kan ajiye abin da ke hannunta ta ɗaga kai wajen rufin masallaci, sai ta ji muryar ladan ta faɗo mata babu sallama, ta sunkuya ta ci gaba da aikinta.